Wa Zai Yi Shari'a In An Saci Sunan Albasar Galmi?

Tun cikin 2023, da aka yi bikin miƙa wa Nijar takardun rajistar kilishi da albasar Galmi a Yamai, akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a fadojin shayi na Tahoua. Wai an yi wa kilishi "birebe", saboda haka duk wanda ya shanya nama ya shafa masa labu, ko a Kano yake ko a Jidda, sai ya biya Nijar. In ya ƙi, a maka shi a kotun duniya da ke Jeneba. Na ji ta a bakin dillalin albasa, na ji ta a bakin malamin lakwal. Wadda ta sa na zauna rubutu kuwa ɗiyar ƙanwata ce, mai karatun shari'a a Jami'ar Djibo Hamani. Ta same ni bayan la'asar ta ce, "Kawu, waccan kotun ta Jeneba, wane kwankur ake rubutawa a zama alƙali a cikinta?"

Na ce mata babu kotun. Ta ɗauka wasa nake.

Amma tambayarta ba ta banza ba ce. Akwai alƙalai da lauyoyin da suka tsufa a kan wannan fanni, kuma hukuncin wasunsu yana taɓa farashin magani a kantin unguwarmu. Su wane ne? Ina suke zama, ta wace hanya suka kai can, kuma ta wace ƙofa ɗan Nijar zai shiga?

## Birebe, amma ba na jarrabawa ba

A ƙasar nan in ka ce "birebe", hankalin kowa kan tafi ga takardar kammala kwaleji. A harshen shari'a kuwa, birebe takarda ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu: na'ura, magani, ko wata dabarar sarrafa kaya. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi ya tona asirin abinsa a rubuce, dalla-dalla, yadda wani masani zai karanta ya maimaita. Ita kuma hukuma ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininsa ba, har shekara 20. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Kafin a bayar, sai abin ya kasance sabo, ba wanda duk mai sana'ar zai iya hangowa da kansa ba, kuma ana iya aiki da shi. Kilishi ya faɗi tun a sharaɗin farko, don kakannin kakanninmu sun ci shi.

Abin da kilishi da albasar Galmi suka samu shi ne shaidar asalin wuri, wadda ma'aikata ke taƙaitawa da IGP. Wannan ba ta hana kowa yin kilishi ba. Suna take karewa: kada wanda bai yi shi a yankin da aka shata ba, bisa ƙa'idojin da masu sana'ar suka rubuta, ya sayar da nasa da sunan na Nijar. Cuku da fatar jar akuyar Maraɗi su kuma tambarin haɗin gwiwa aka ba su. Tambari, ko marka, shi ne suna ko zanen da ke bambanta kayan wani da na wani, ana sabunta shi duk shekara 10. Sai haƙƙin mawaƙi da marubuci, wanda ofishin BNDA ke kula da shi a nan gida, da kuma takardar wanda ya samar da sabon irin shuka. Duka ana tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, mallakar fasaha, amma gwanin ɗaya ba lalle ne ya iya ɗayan ba.

## Takardar da ba ta ƙetare iyaka

Ga inda gizo ke saƙa. Takardar mallaka kamar rawanin hakimi take, ikonta ba ya wuce ƙasar da aka naɗa shi. Birebe na Faransa ba ya aiki a Japan. Babu wani abu wai shi birebe na duniya.

Abin da yarjejeniyoyin duniya suka yi shi ne sauƙaƙa wa mai nema tafiya. Ta Paris, ta 1883, ta ce a yi wa baƙo yadda ake yi wa ɗan gida, kuma wanda ya ajiye buƙatarsa a ƙasa ɗaya yana da wata 12 ya kai ta sauran ƙasashe ba tare da wani ya sha gabansa ba. Ta PCT, ta 1970, ta ba da damar cika takarda ɗaya a nufi ƙasashe da yawa. Amma kamar ɗan aike ɗaya ne ya zagaya gidaje da goron neman aure: kowane gida shi ke cewa ya bayar ko bai bayar ba.

To me ke Jeneba? Hukumar OMPI ce, mai kula da mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Kamil Idris ɗan Sudan ya shugabanta daga 1997 zuwa 2008, Daren Tang ɗan Singafo kuma ya karɓi ragamarta a 2020. Ofis ce mai riƙe da yarjejeniyoyi da rajista, ba ta ɗaure kowa, ba ta cin tarar kowa. Tana da cibiyar sulhu tun 1994, sai dai ba a zuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda. Inda aka fi saninta shi ne rigimar sunayen shafukan intanet. A Jeneba ɗin kuma akwai hukumar ciniki ta duniya, OMC, mai riƙe da ADPIC, yarjejeniyar mallakar fasaha a harkar ciniki, wadda ta fara aiki a 1995. Can ƙasa ce ke ƙarar ƙasa, manomi ko kamfani ba ya da kujera. Sashen ɗaukaka ƙararta ma ya daina aiki tun Disamban 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai.

Shi ya sa da Apple da Samsung suka kaure kan wayar salula daga 2011 zuwa 2018, ba kotu ɗaya suka je ba. Sun yi shari'a a Amurka, Jamus, Ingila, Koriya ta Kudu, Japan da Ostareliya, wani wuri wannan ya ci, wani wuri wancan. Wanda ake kira lauyan ƙasa da ƙasa a irin wannan faɗa shi ne mai riƙe linzamin lauyoyin ƙasashe daban-daban, yana lura kada abin da aka faɗa wa alƙalin Jamus ya ƙaryata abin da aka rantse a kansa a Amurka.

## Ofishinmu yana Yawunde

Mu a nan lamarinmu ya ɗan sha bamban, kuma mutane da yawa ba su san mun riga Turai wani abu ba. Nijar ba ta da ofishin ba da birebe nata na kanta. Tun yarjejeniyar Librebil ta 1962 ƙasashen rainon Faransa suka haɗa ofis ɗaya, wanda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta mayar da shi OAPI, mai mazauni a Yawunde. An yi wa yarjejeniyar gyara a 1999, aka sake a Bamako a 2015. Ƙasashe 17 ne a ciki, daga Muritaniya zuwa tsibiran Komoro, kuma takarda ɗaya ta Yawunde tana aiki a dukansu. Denis Bohoussou ɗan Kwaddibuwa ne aka naɗa babban darakta a 2017. A Yamai akwai hukumar AN2PI, wadda ke karɓar takardun ƴan ƙasa ta tura can. Ga masu tambaya ko ficewar Nijar daga CEDEAO ta shafi wannan: OAPI ba reshen CEDEAO ba ce, Kamaru da Gabon da Cadi ma ba su taɓa zama a CEDEAO ba.

Mutanen jiharmu sun ɗanɗana muhimmancin wannan ofis. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi a ba shi takardar sabon iri da sunan "Violet de Galmi". Da an ba shi, da sunan da manoman Galmi suka gina da guminsu ya koma mallakar wani a ƙasashen ƙungiyar baki ɗaya. Manoma suka yi ca, gwamnati ta shigar da ƙorafi, ofishin ya ƙi amincewa da sunan, kamfanin ya dawo da wani suna, "Violet de Damani". Ba a yi wannan faɗa da sanda ko zanga-zanga kaɗai ba. An yi shi da takardu: wa ya karanta sanarwar ofishin a kan lokaci, wa ya iya kawo hujjar cewa irin tsoho ne, wa ya san wa'adin shigar da ƙorafi.

A nan ne kujerar farko ta alƙalin ƙasa da ƙasa take, wadda ɗan Nijar zai iya hawa. In ofishin ya ƙi buƙatarka, ko ya soke tambarinka don wani ya yi jayayya, kana ɗaukaka ƙara gaban babban kwamitin sauraron ƙorafi na OAPI. Mutum uku ke zama, alƙalai ne na ƙasashen ƙungiyar, ana fitar da su ta ƙuri'a daga jerin sunayen da gwamnatoci suka bayar. Ba kwankur ake rubutawa ba. Sai ka zama alƙali a gida, ka daɗe, a san ka da fannin, ƙasarka ta sa sunanka.

Kujera ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce aka fi rainawa. In aka kama jabun kaya a kasuwar Tahoua, ko wani ya ce birebe ɗin wane bai inganta ba, OAPI ba ta yin wannan shari'a. Kotunan ƙasa ke yi. Mai tambari ya je wurin shugaban kotu ya karɓo izini, husiye, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu, ya je shago ya rubuta abin da ya gani ko ya kwashe kayan, sannan a shigar da ƙara cikin ƴan kwanaki, in ba haka ba kamen ya ɓaci. Yarjejeniyar Bangi kuma ta ce hukuncin ƙarshe da kotun wata ƙasa ta yanke kan ingancin takarda yana aiki a sauran ƙasashen. Ma'ana, alƙalin da ke zaune a Yamai, in hukuncinsa ya tabbata, yana iya kashe birebe a Dakar da Duwala da Abijan lokaci guda. Shi ne alƙalin ƙasa da ƙasa, ko da bai taɓa hawa jirgi ba.

## Mai shata iyaka da mai tsayawa gaban alƙali

Ana cewa "lauyan birebe" kamar sana'a ɗaya ce, alhali biyu ne.

Na farko ba ya sa baƙar riga. Aikinsa rubuta takardar nema, kuma galibi injiniya ne ko masanin sinadarai ko haɗa magani da ya ƙaro ilimin doka. Zuciyar birebe ita ce ƴan jimlolin ƙarshe, inda ake faɗin iyakar abin da mai ƙirƙira ke iƙirarin nasa ne. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin gona ya san abin da nake nufi. In ka dasa gambarka can ciki, maƙwabci ya nome gefen, ba ka da bakin magana. In ka dasa ta cikin gonar wani, ranar shari'a a tumɓuke ta, wataƙila har da taka gonar ka rasa. Kalma ɗaya, a ce "ƙarfe" a inda ya kamata a ce "abu mai tauri", ta isa wani ya yi irin na'urarka da roba ya wuce abinsa. A Amurka ba a barin mutum ya rubuta jarrabawar wakilci a ofishin birebe sai yana da tushen kimiyya ko injiniyanci. A Turai ma haka ne, ga horo na shekaru a hannun gwani kafin jarrabawar ofishin birebe na Turai da ke Munik, wadda ta yi suna wajen kayar da mutane. A Faransa cibiyar CEIPI ta Istirasbur ce makarantar da aka fi bi. A OAPI ana kiran irin waɗannan amintattun wakilai, kuma duk mai nema daga wajen ƙasashen ƙungiyar dole ya bi ta hannunsu. Nan ne abincin sana'ar yake.

Akwai kuma takwaransa a ɗaya gefen tebur, mai binciken buƙatu a cikin ofis. Albert Einstein ya yi wannan aiki a Bern daga 1902 zuwa 1909. Na kawo shi ne don gyaran Bamako ya ɗora wa OAPI binciken ainihin ƙirƙira, ba duba cikar takardu kaɗai ba, kuma wannan aikin masu kimiyya ne. Ɗalibin lantarki ko na noma da bai taɓa tunanin shari'a ba yana da wuri a nan.

Na biyu shi ne lauyan da muka sani, aboka mai baƙar riga. A Nijar hanyarsa ita ce ta kowane lauya: lisansi, masta, jarrabawar CAPA ta shiga aikin lauya, rantsuwa, sannan horon shekara 3 a ofishin wani babba. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta ba shi damar tsayawa a kotunan sauran ƙasashen ƙungiyar. Ƙwarewa a mallakar fasaha daga baya take zuwa, kuma wurin da aka fi nufa shi ne masta ɗin da OAPI da OMPI da Jami'ar Yawunde ta Biyu suka haɗa hannu suke koyarwa, sai kwasa-kwasan makarantar OAPI mai sunan Denis Ekani, babban daraktanta na farko. A babbar shari'a mutanen nan biyu tare suke tafiya, ɗaya ya san na'urar, ɗaya ya san alƙali.

## Alƙalin da zai karanta haɗin magani

Yanzu ka ɗauki alƙalin da rabonsa da kimiyya tun lise. An ajiye masa takardar haɗin magani mai shafi 80, masana biyu sun rantse, kowa na ƙaryata ɗan'uwansa. Yaya zai yi? Kowace ƙasa da amsarta, kuma amsar ce ke tsara rayuwar alƙalanta.

Jamus ta kafa kotun birebe ta tarayya a Munik a 1961, ta zaunar da masana kimiyya a kan kujerar alƙalanci tare da masana doka, ƙuri'arsu ɗaya. Ingila ba ta yi haka ba, tana ɗauko alƙalan fannin daga cikin manyan lauyoyi, sai dai da yawansu da kimiyya suka fara: Robin Jacob da Colin Birss sun yi ta a Kambirij, Richard Arnold ya karanta sinadarai a Okusfod. Amurka ta tara duk ɗaukaka ƙarar birebe a kotu ɗaya tun 1982, amma a matakin farko talakawan gari ne ake tarawa su saurari shaida, su ne suka yanke wa Samsung diyyar sama da dala biliyan 1 a 2012, kafin a yi ta ja-in-ja a kan adadin. A waccan kotun ɗaukaka ƙara ne Pauline Newman ta zauna tun 1984. Dakta ce a sinadarai, ta yi aikin bincike, ta yi lauyar kamfani, sannan ta zama alƙaliya. Da yake kujerar ta har mutuwa ce, tana nan har ta kai shekara 96, lokacin da abokan aikinta suka dakatar da ita a 2023 kan batun lafiya, ita kuma ta ƙi yarda. Ƙasar Sin ta buɗe kotuna na musamman a manyan birane uku a 2014, ta ƙara da sashe a kotun ƙoli a 2019.

Abin da ya fi kama da kotun da ɗiyata ke mafarki shi ne kotun birebe ta haɗin gwiwa ta Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2023. Ƙasashe 18 ne ke ciki tun da Romaniya ta shiga a 2024. Ɗaukaka ƙara a Lukzambur, babban sashe a Paris da Munik da Milan. Da alƙalai 85 ta fara, 34 masana doka, 51 masana kimiyya, wa'adinsu shekara 6. Amma duba ta inda shugabanninta suka fito. Klaus Grabinski ya yi shekaru yana shari'ar birebe a Duseldof kafin ya kai kotun tarayya ta Jamus. Florence Butin daga sashen mallakar fasaha na kotun Paris aka ɗauko ta. Babu wanda ya fara daga sama. Kuma kujerun na ƴan ƙasashen kotun ne kaɗai.

Ba kowa ne ke son wannan tsari ba. Masu goyon baya na cewa alƙalin da ya ƙware yana saurin gane mai wasa da hankali, shari'a ta yi sauri, hukunci ya daidaita. Masu suka na cewa in aka ware ƴan mutane kaɗan suna shari'ar abu ɗaya, suna haɗuwa da lauyoyi ɗaya a taro ɗaya, sannu a hankali sai su fara ganin duniya da idon masu birebe, su manta da mai saye. A kotun Turai an yi surutu sosai kan alƙalan kimiyya masu aikin wucin gadi, waɗanda da safe wakilan kamfanoni ne, da yamma alƙalai, har sai da aka kafa musu ƙa'idar hana su wakilci a gaban kotun.

Ni a ganina mu ba baƙin wannan dabara ba ne. A kotun kasuwanci ta Yamai ƴan kasuwa na zama tare da alƙali, a shari'ar gado da ta gona kuma masana al'ada na zama kusa da shi. Zaunar da masanin noma ko na magani a shari'ar birebe ba zai zama bidi'a ba. Abin da ya fi damuna shi ne sauyin wurin aiki. Alƙali ya ci kwankur, ya fito daga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta Yamai, an tura shi kwas a Yawunde, ya dawo da ilimi, bayan ɗan lokaci an mayar da shi inda ba shari'ar da zai gani sai ta gona da ta dabbobi. Wanda ya gaje shi kuma ya fara daga bā.

## Ina ruwan mai sayen magani?

Wani zai ce wannan duk hirar manya ce. A 1998 kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu don ta yi dokar shigo da magani mai araha, a lokacin da ƙanjamau ke kwasar mutane. Sun janye a Afrilun 2001, bayan duniya ta yi musu ca, kuma a Nuwamban shekarar aka yi sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe ƴancin fifita lafiyar jama'a. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta hana kamfanin Novartis birebe kan maganin sankarar jini na Glivec, ta ce ɗan gyaran da aka yi wa tsohon magani bai isa a sake rufe shi ba. Duk wanda ya duba kwalayen magani a kantunan Tahoua ya san yawan waɗanda suka fito daga Indiya. Alƙalan da ba mu san fuskarsu ba sun taɓa aljihunmu.

Mu ma an yi mana irin wannan muhawara. Ƙungiyar likitocin MSF ta soki gyaran Bangi na 1999 da cewa ya ɗaure ƙasashe matalauta fiye da abin da OMC ta nema. Na 2015 ya shigar da sassaucin da aka yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin Nijar, na rashin tilasta birebe kan magunguna har 1 ga Janairun 2033. Wannan sassauci ba ya aiki da kansa. Sai an sami lauya a ma'aikatar lafiya da ya san da shi, da alƙalin da ba zai razana ba in babban kamfani ya aiko da wasiƙar barazana.

Habasha ta ga ɗaya fuskar. Wani kamfanin Holan ya sami birebe a Turai kan sarrafa garin tef, hatsin da Habashawa ke ci tun fil azal. Sai a 2018 wata kotu a Heg ta ce takardun ba su inganta a Holan ba, kuma ba Habasha ce ma ta shigar da ƙarar ba, rigimar ƴan kasuwar can ce tsakaninsu. A Mayun 2024 ƙasashen OMPI sun amince da sabuwar yarjejeniya mai tilasta wa mai neman birebe ya faɗi inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya dogara da shi. An sharɗanta sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Ranar da wani ya nemi birebe kan wani abu daga gawo ko aduwa ko zogale, wa zai karanta takardar a madadinmu?

## Abin da na faɗa wa ɗiyata

Ban ɓoye mata komai ba. Kasuwar ƙarama ce. Yawancin masu neman birebe a OAPI baƙi ne daga waje, kuma yawancin amintattun wakilai a Kamaru suke, kusa da ofishin. Lauyan da ya ce a Yamai ba zai taɓa komai ba sai birebe, yunwa za ta koya masa hankali. Aikin da ke akwai a nan shi ne na tambari da jabun kaya, shayi da batir da atamfa da kayan gyaran babur, sai kwangilar mawaƙa, sai ƙungiyoyin manoma da na mahauta da yanzu suke da takarda a hannu amma suna buƙatar mai rubuta musu ƙa'idoji da mai bi musu haƙƙi. Da shari'ar kasuwanci ake cin abinci, a riƙa gina ƙwarewar a gefe.

Ta ce, "To Kawu, me zan fara da shi?" Na ce Ingilishi. Faransancin lakwal ya kai ta Yawunde, amma rumbunan takardun birebe da hukunce-hukuncen da ake jayayya da su galibi da Ingilishi suke. Sannan ta yi abota da ɗaliban kimiyya, don wata rana za ta buƙaci mai fassara mata abin da ke cikin kwalba.

Dalilin Ingilishin bai tsaya ga littattafai ba. Buhun albasa in ya tashi daga Galmi ya nufi Abijan ko Lome ko Kwatano, takardar Yawunde na biye da shi. In ya nufi Akara, ya fita daga inuwarta, don Gana tana ɗaya ƙungiyar ce, ARIPO, mai mazauni a Harare. In kuwa ya tsallaka daga Ƙonni zuwa Illela, ƴar tafiyar da ɗan kabu-kabu ke yi sau da yawa a yini, ya shiga ƙasar da ba ta OAPI ba ta ARIPO. Najeriya da nata ofishin rajista a Abuja, ƙara kuma sai a Babbar Kotun Tarayya, a bakin lauyan da aka rantsar a can. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, kuma a Fabrairun 2023 shugabanni suka amince da ƙarin yarjejeniyarta kan mallakar fasaha a Adis Ababa, amma ba ta rushe waɗannan ofisoshi ba, kowa na nan da hatiminsa.

Ta yi shiru tana juya kofin shayi, sannan ta ce, "Ke nan in mutumin Illela ya cika buhu da albasarsa ya rubuta Galmi a jiki, sai mun je Sakkwato mun ɗauki lauya?"

Na ce mata ƙwarai, kuma kafin nan sai an yi rajistar sunan a Abuja.